Sunansa Badukun Karnuka, Kuma Haka Zan Ci Gaba da Kiransa

Daminar bana ce ta goma sha biyu tun da muka kai Ilu Baduku makwancinsa a Gumel. Allah Ya jiƙansa. Ni ne maƙerin Gagarawa da ke ƙera masa ƙawanya tun muna samari. Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana sawa a takarda, kuma na ce kada a rage mini ko kalma ɗaya.

Ɗansa Habu, wanda ya gaji rumfar, shi ya tayar da ni. Kwanan baya ya zo har gida, ya durƙusa, ya ce, "Baba, don Allah a daina kiran mahaifina Badukun Karnuka. Manya nake yi wa aiki yanzu. A riƙa cewa badukun dawaki ne." Raina ya ɓaci ƙwarai. Wai ni za a sa in yi wa Ilu ƙarya yana kabari!

Jama'a, ku ji asalin sunan. Ilu yana ɗinka ragama da majayi da jakunkuna kamar kowane baduku, amma yana kuma yi wa mafarauta abin wuyan karnukansu, aikin da sauran dukawa ke ƙyama. Wajen zaɓen ƙarfe kuwa ban taɓa ganin fitinanne irinsa ba. Ƙawanyar jaka, tagulla yake so, don ba ta tsatsa balle ta ɓata wa mutum riga. Ta ragama, baƙin ƙarfe mai kauri. In aka zo kan ta kare fa, nan muke raba gari. Sai ya jujjuya ƙawanyar ya nemo inda na haɗe bakinta, ya goga a leɓensa ya ji ko da kaifi, sannan ya zura mata igiya ya rataya a tsamiyar ƙofar gidana, ya hau lilo da dukan nauyinsa, ƙato da shi. In ta buɗe ko yaya, sai ya wurgo mini ita gaban zuga-zugi. Mun sha cacar baki a kan haka. Shi dai maganarsa ɗaya ce: doki a hankali yake ja, kare kuwa fizga yake yi, kuma ranar da ƙawanya ta buɗe karen ya faɗa garken Fulani, ranar ce za a kashe shi, mai shi ya koma gida ba abokin nema.

A shekarun da Turawa suka ja iyaka a Maigatari, wani attajirin fatake ya zo karɓar ragamar dokinsa, ya tarar da Ilu yana gwada wa wani jan kare abin wuya, da ƙawanya irin ta ragamar dokinsa sak. Ya ce, "Ilu, hannun da ke shafa wuyan kare ne zai taɓa kayan dokina? To, ka zaɓa." Ina zaune a wurin. Ilu ya ce, "Ranka ya daɗe, na iya wanke hannu. Dokinka yana da dukawa cike da gari, wannan kuwa ni kaɗai gare shi."

Attajiri ya kwashe aikinsa, abokansa suka bi shi, aka laƙaba wa Ilu sunan don izgili. Ba zan ɓoye ba, gidan ya ji jiki. Ilu ya koma cin kasuwannin ƙauye da ƙafa, yau Sule Tankarkar, gobe Ɗanzomo. A cikin wannan ƙuncin Habu ya tashi, na san abin da ke cinsa. Amma ubansa bai taɓa sunkuyar da kai ba. In aka kira shi da sunan, amsawa yake da ƙarfi.

Yanzu fa? Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano, maɗauran kanti masu ƙyalli suka cika kasuwa, wasu ma ta ƙasar Faransa ake shigo da su. Mutane suna cewa da Ilu yana nan da ya ƙi su. Ba su san shi ba. Da tsamiya zai kai su, wanda ya ɗauke shi ya ɗinka, ko wa ya ƙera. Abin da zai ƙona masa rai shi ne babu mai ratayawa kuma. Ido kawai ake saye da shi.

Ran kasuwar Maigatari da ta wuce na ga wani mafarauci ɗan Ɗanzomo riƙe da kare. Tun daga nesa na gane haɗina a wuyan karen. Ya ce fatar an sake ta ba adadi, karen ma jikan wancan jan ne, amma ƙawanyar tana nan. Na tambaye shi aikin wane ne, don in ji. Ya ɗaga murya, a tsakiyar kasuwa, ya ce, "Badukun Karnuka mana! Allah Ya haskaka kabarinsa." Wallahi sai da na share ido.

Habu, je ka nemo mini wanda ke yi wa ubanka addu'a don ragamar doki. In ka samo, zan sake masa suna.