Ta'aziyyar wata Hajiya aka turo mana

Muna zaman makokin Baba a Djougou sai ga saƙon murya daga Mudi, ɗan ƙanensa da ya riƙa tun yana yaro har ya koya masa cinikin shanu. Inna ta ce in kunna kowa ya ji.

Muryarsa ce, har da shessheƙa: "Allah ya jiƙan Hajiya, mace ce mai haƙuri."

Inna ta dube ni. "Wace Hajiya kuma? Ko ni ce na mutu ban sani ba?"

Na fita waje na kira shi. Ashe tsohuwar ta'aziyyar da ya yi wa wani abokinsa ce ya turo mana.

"Yaya, ai addu'a duk ɗaya ce," in ji shi. "Ba ka ga hoton Baba a statu ɗina na WhatsApp ba?"

Na gani, Mudi, da fuskokin kuka a jere. Kullum mota na tashi daga Parakou inda kake, ba ka zo ba. Mutumin da ya raine ka bai ci darajar ka sake buɗe baki ka ambaci sunansa ba.

Da na koma ciki, Inna cewa ta yi in ƙyale shi, wai ruɗewa ce.

Ku gaya mini, wace irin ruɗewa ce ke tuna statu ta manta mamaci?