Kulu, Surukinta da Murfi Shida

Duk wanda ya ci kasuwar Ajingi shekarar da Kulu ta Toranke ta tayar da motarta, bai manta ranar da Maiwada mai cajin batir ya yi mata wankin babban bargo ba. A amalanke ta sa aka ɗauko mata batirin, ta dire shi a bakin rumfarsa, ta ɗaure gyale a ƙugu.

"Mushe ka sayar mini, Maiwada, kana ta yi mini murmushi da jajayen haƙoranka. Wata biyu! Ko ɗan tsako ya fi haka daɗewa a duniya."

Maiwada bai ɗaga murya ba, shi ya sa ta ƙara tsanar sa. Ya murɗe murfi shidan da ke kan batirin ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa, ya tura tsinke, ya zaro shi da wani farin abu kamar gishiri a jiki.

"Me kike ba shi?"

"Ruwa mana. Ba kai ka ce in ya yi ƙasa a ƙara ba?"

"Na ina?"

"Na rijiyar gidana, wanda na sha na haifi 'ya'ya bakwai."

"To su 'ya'yan, da su kike tayar da mota?" Ya juya ga masu sayar da igiya da ke gefensa. "Jama'a ku zo ku ga uwar batir. Ta shayar da shi ruwan kanwa, saura ta dama masa kunu ta goya shi."

Kasuwa ta ɗauka. Kulu da ba a taɓa rufe mata baki ba, ranar sai ta sa aka mayar da batirin kan amalanke. Ta koma gida da mushenta da sabon suna, har yaran layi suna tambayar ta ko jaririn ya tashi.

Ita dai Kulu a Kademi aka haife ta, gidan masu matsar man gyaɗa, aure ya kai ta Toranke. Mijinta Malam Tukur ya yi mata shekara talatin da 'yan kai yana noma yana shiru, wanda shi ne kaɗai hanyar zama da ita lafiya. Da ya rasu aka zauna rabon gado, kowa ido a kan gona. A bayan gida kuwa akwai wata tsohuwar a-kori-kura mai fo-wil, irin wadda ke ja da ƙafa huɗu, tana kan duwatsu, kaji na ƙwai a kujerarta. Kulu ta ce ita a bar mata wannan. Dangin miji suka kalli juna, suka ce takaba ta taɓa mata kai. Ta sayar da shanunta biyu ta tashe ta. Hon ɗinta bai taɓa yi ba, aka sa mata suna Kurma. Amma rairayin da ke haɗiye ƙananan motoci tsakanin ƙauyukan nan, Kurma takan bi ta kansa da buhu ashirin na gyaɗa tana tari tana wucewa. Da ita Kulu ta zama mai sayen gyaɗa tun daga bakin gona, kafin 'yan Gaya su farka.

Bayan abin da ya faru a kasuwa, ta sayo sabo a Gaya, ta ɗauki batir kamar karatun da aka kayar da ita a ciki. Ta san ruwa ya rufe farantan ciki amma kada ya kai baki. Da damina takan ajiye sabuwar roba a tsakar gida ta tari ruwan sama, ba na indararo ba, ta tace a jarka. Da rani ta aika Gaya a sayo mata ruwan batir, don ta rantse Maiwada ba zai ga ko ƙwandalarta a kan ruwa ba. Kullum da hantsi sai ta fito da buta da tsumma da sirinji, ta ɗaga bonet, ta wanke kan batirin da ruwan zafi, ta buɗe murfi shida ta leƙa.

Matsalarta ɗaya, direba. Direban kuwa Sagiru ne, mijin autarta Naja'atu. Gwani ne, a faɗi gaskiya, ya san inda yashi yake da ciki da inda yake da ƙashi. Amma ɗan kwalisa ne, mai tabarau da sigari a bayan kunne, ga son waƙa a mota kamar ɗan biki. Kuma suruki ne. Ba ya kallon idonta, ba ya cin abinci a gabanta, in ya gan ta sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ita ma ko sunansa ba ta kamawa. Mutum biyu da ba sa shiri, kunya ta hana su faɗa, sai suka mai da Naja'atu waya.

"Auta, gaya wa mijinki, jiya Kademi aka ce mini an je. Wannan ruwan kuwa ya sha hanyar Wudil."

Ke dai bari, ba tsibbu ba ne. Injin cajin Kurma mai zafin hannu ne, in aka yi doguwar tafiya sai ya tafasa ruwan batir ya ƙone. Kulu ta san abin da hanyar Kademi take sha, ta san na Gaya. In ruwa ya yi ƙasa fiye da kima, to an kai Kurma wani wuri da ba ta aike ta ba. Sagiru na tsugune a zaure yana ji, kunnuwansa na zafi.

"Gaya wa Inna rana ce ta yi yawa."

"Gaya masa ashe ranar ce ta bar jar laka a ƙarƙashin bonet."

Shekara uku ana haka, batirin ya tsufa. Da safe sai an tara samari an yi turi. Lokacin kuwa kaka ce, gyaɗar da Kulu ta yi magana a kanta tana jibge a gonakin Kademi, masu ita sun ce in ba ta kwashe kafin ranar kasuwa ba za su ba wa wani. Dole a sayi sabo. A nan Sagiru ya ga ƙofa.

Ya ce rufaffe za a saya, irin wanda ba shi da murfi, ba a ƙara masa ruwa, a ɗaura a manta da shi. Kuma kada a ɗauke shi sakarai, yana da hujja. Ya aiko wa Kulu da wandunansa uku, duk asid ya huhhuda su kamar rariya. Ya ce a duba mazaunin batirin, tsatsa ta cinye shi saura waya ke riƙe da shi. Ya ce ranar da Kurma ta karkata a kwazazzabo, rabin ruwan ya tsiyaye a kan ƙarfe yana kumfa. Motar jeji, in ji shi, ba ta son abin da ke zuba.

Kulu ta mayar da wandunan da saƙo.

"Ki ce masa ya daina goge hannu a cinya. Ki ce masa mai ruwa yana ciwo kafin ya mutu, ana ganin alama, ana yi masa magani. Rufaffen nan kuwa lafiya ƙalau zai kwana, da safe a tarar da gawa. In Kurma ta dafa shi ya kumbura a tsakiyar daji, ta ina zai ba shi ruwa? Ta hanci?"

Washegari Naja'atu ta shigo da kwano a rufe, ta ajiye a gaban uwarta, idonta ya yi ja. Kulu ta zaci tuwo ne. Da ta buɗe, makullin mota ne a ciki.

"Ya ce ko rufaffe, ko ki nemi wanda zai ja."

"Ke kuma kika ɗauko a ka kamar abin arziki."

"Inna, ni na gaji. Can a harare ni, nan a zage ni. Ni ba batir ba ce."

"Da batir ce ke, da na san abin da ke cikinki."

Kulu ta hau motar haya har tashar Gaya neman direba. Ashe labari ya riga ta. Wannan ya ce bayansa na ciwo, wancan ya ce bai iya fo-wil ba, wani ma da baki ya tambaye ta ko ita za ta dinga canja masa giyar mota. Ɗaya ne ya yarda, shi ma bai kai rabin hanya ba ya binne Kurma a yashi har ciki, sai da shanu suka jawo ta. Ta dawo gida ta zauna a bakin turmi, ta ƙi cin abinci. Ba gyaɗar kaɗai ke ci mata rai ba. Ta san in aka rufe batirin nan, ba ta da sauran dalilin ɗaga bonet. Motar za ta zama tata a baki, ta Sagiru a hanya.

Saura kwana biyu kasuwa, ta aika a ce su haɗu a rumfar Maiwada. Shekara uku ke nan ba ta taka wurin ba. Ya fito da batir biyu ya jera a kan benci, baƙi mai murfi shida da wani sumul mai ɗan ido kore. Kulu ta zauna tana kallon gabas. Sagiru ya tuɓe takalmi ya tsuguna yana kallon yamma. Naja'atu ta tsaya a tsakiya da goyo.

"A'a, uwar batir," in ji Maiwada, "an zo karɓar sabon jariri? Ki ɗauki wannan, an yaye shi tun daga kamfani."

"Kai da aka yaye da asid, ka yi mini shiru. In kowa ya koma rufaffe, uban wa zai kawo maka caji? Gumaka za ka dinga sayarwa?"

Maiwada ya san gaskiya ta faɗa, amma ƙin ta ya fi masa ciniki daɗi. Ya ce shi dai yaron nan yana da gaskiya, mai ruwa na masu kwalta ne, a hanyar gargada jijjiga kaɗai ta isa ta zubar da shi. Kulu ta ce Auta ta tambayi mijinta, tun da aka ɗaure batirin da guntun tayar da ta yanka da hannunta, sau nawa ya zube. Sagiru ya ce a gaya wa Inna sau ɗaya ma ya isa. Ta ce a tambaye shi ko rufaffen zai yi shekara uku a zafin Kurma. Ya ce a gaya wa Inna sai a gyara injin cajin. Ta ce a gaya masa an gyara shi sau huɗu, halinsa ne, kamar na wasu.

Masu igiya suka matso, mai shayi ya bar tukunyarsa. Sagiru ya ga ido ya yi yawa, zuciya ta ɗebe shi, ya manta da wanduna da tsatsa.

"Naja, gaya wa Inna, a duk tashar nan babu direban da tsohuwa ke buɗe wa bonet sai ni. Ana kira na ɗan raino. Ni ba zan ƙara jan motar da ake leƙa mini ciki kowace safiya ba. Wanda ke kan sitiyari shi ya san inda mota ta je, ba sai an tambayi ruwa ba."

"Ato!" in ji Maiwada, yana tura rufaffen gaba da ƙafa.

Naja'atu ta buɗe baki za ta maimaita, uwar ta ɗaga mata hannu. Ta daɗe tana kallon rufaffen nan da ɗan koren idonsa. Sannan ta kwance bakin zane, ta ciro makullin, ta ɗora a kansa. Maiwada har ya fara washe baki. Abin da ta faɗa kuwa shi ya sa Sagiru da kansa ya rungumi baƙin mai murfi shida ya kai mota, aka kwashe gyaɗar Kademi a ranar, kuma ba a sake tayar da zancen ba.

"Auta, gaya wa mijinki ya yi gaskiya, na bar tambayar ruwa. A ɗaura rufaffen. Tunda ba ni da abin leƙawa a gida, daga yau kujerar gaba tawa ce. Duk inda za a je, ina gefensa da carbina, tun daga fita har dawowa. Ya ci abincinsa, ya sha sigarinsa, ya kunna waƙarsa, ni ba zan ce komai ba. Kallo kawai zan yi."