Kunyar Kurege

Shekara bakwai ke nan da rasuwar wana, Sale. Ya cika a daminar da soja suka miƙa mulki, ana ta murna a gari, mu muna maƙabarta. Ni ban iya dogon zance ba. Abu ɗaya ya hana ni sukuni, shi zan faɗa.

Gonar da muka gada tana bayan ganuwa, wajen Ƙofar Durbi. Gyaɗa muke yi. Duk kaka, idan mun zo cira, Yaya Sale yakan bar kunya ta ƙarshe, wadda ke jikin ganuwa, ba a taɓa ta. Yakan ce ta kurege ce, sun riga mu zama wurin. A lokacin jajayen kuregu sun cika gindin ganuwar. Kana noma za ka ga ɗaya ya miƙe a ƙafa biyu yana kallonka kamar mai gonar. Masu farauta da karnuka sun san muryarsa. Masu ɗura ruwa a rami don su fito da kurege sun san sandarsa. Mutane suka riƙa kiransa Sarkin Kurege don ba'a, shi kuwa yana amsawa.

Da farar hula suka zo, sai aka fara rabon filaye. Masu gini suka dinga sarar ganuwa suna ɗibar ƙasa. Inda ramuka suke, yanzu bulo ne da shaguna. Nakan tambayi kaina, da Yaya Sale zai tashi yau, wa zai kora? Kare ana korarsa da sanda. Motar ɗibar ƙasa fa?

Bara babban ɗansa, Lawal, ya zo min da maganar a raba gonar su sayar da nasu. Ban hana ba, haƙƙinsu ne, ga iyali. Rabona ya faɗo bakin hanya, inda kowa ke so. Na ce su ɗauka, su bar min tsirin da ke jikin ganuwa. Ya yi ta lallashina, wai zan cuci kaina, wai rabon da a ga kurege a wurin an daɗe.

"Baba, don kunya ɗaya?" in ji shi.

Na ce, "Ita kaɗai ta rage mana."

Aka raba yadda na ce.

Bana na shuka, na cire, na bar ta ƙarshe. Kullum ina zuwa dubawa, ƙafata ba ta barina in zauna. Ban ga kurege ba. Amma makon jiya na tarar da ɓawon gyaɗa a bakin wani rami, an fasa shi tsaf. Maƙwabcina ya ce gafiya ce. Mai yiwuwa. Ban yi masa gardama ba.

Yaya Sale bai bar gida mai bene ba, bai bar suna a bakin manya ba. Kunya ya bari. Allah Ya jiƙansa. In ina raye baɗi, zan sake barin ta.