Akwatin da Na Kunna a Kasuwar Ƙafin Maiyaki

Ni mai gyaran waya ne kafin in zama ɗan damfara. Ina da ɗan teburi a bakin titin Dangora, ƙarƙashin wata rumfar kwano, kuma mutane sun yarda da hannuna. Ina da mata da 'ya'ya biyu, tukunyarmu ba ta taɓa kwana ba wuta ba. Na faɗi haka ne don kada wani ya ɗauka yunwa ce ta kai ni.

Da ƙananan abubuwa na fara. A kawo mini waya mai batir mai kyau, in cire in sa tsoho. Dattijo ya zo da waya ba ta caji, in ce masa sai an canza kaya, alhali datti ne kawai ya toshe wurin. Ba wanda ya kama ni, har zuciyata ta daina damuna.

Ana nan sai wani mutum mai suna Sabo ya fara zama a rumfata. Kullum cikin shadda yake, kuma ban taɓa sanin sana'arsa ba. Wata rana ya zo da wani baƙin akwati ƙarami mai eriya shida, ya ce in duba masa. Na gyara wurin da ya ƙone, na danna makunninsa. Nan take sabis ya ɗauke a wayata da ta mai shayin da ke gefena. Na kashe, ya dawo. Na tambaye shi ko doka ta yarda da wannan abu. Ya yi dariya, ya ce wa zai kama mutum a kan abin da ido ba ya gani.

Daga baya ya bayyana mini shirinsa. Ran kasuwa za mu je wajen masu hatsi da ke karɓar kuɗi ta waya. Shi zai yi ciniki, ya nuna musu shaidar tura kuɗi ta ƙarya. Ni kuma in tsaya kusa da babur, akwatin a cikin jaka, in kunna. Mai kaya zai duba wayarsa ya ga babu sabis, kuma kowa ya san sabis yana wahala ran kasuwa. Sai Sabo ya yi ta rantsuwa, a loda kaya, mu tafi. Mun yi haka a wajen Tudun Wada, mun yi a wajen Doguwa. Na sayi sabon babur, na gaya wa matata kasuwar gyara ce ta buɗe.

Bayan kaka muka nufi Ƙafin Maiyaki. Sabo ya yi cinikin masara da wani dattijo, Malam Haruna. Na kunna akwatin da misalin azahar. Malam Haruna ya ɗaga wayarsa sama, ya juya ta gabas ya juya ta yamma, ba komai. Sai ya ce a fara lodi, amma motar da muka zo da ita ba za ta tashi ba sai ya ga saƙon banki.

'Yan dako uku ne suke lodin, suna hawa kan wani katako da aka jingina a bayan motar. Ɗaya daga cikinsu, wani magidanci da ake kira Iliya, yana tsakiyar katakon da buhu a wuya sai ƙafarsa ta zame. Ya faɗo da baya a kan dutse, buhun ya biyo shi. Da aka ɗage buhun, idonsa a buɗe yake, yana magana, amma ya ce ba ya jin ƙafafunsa.

Wani malamin makaranta da ke wurin ya hana a ɗaga shi. Ya ce wanda ya bugu a baya a kwance ake ɗaukarsa, a kan katako, cikin mota. Tamu motar rabinta cike da buhuna, kuma rumfuna da amalanke sun tare ta. Sai aka ce a kira wani direba da ke cikin gari, a kira ma'aikacin asibiti. Mutane suka zaro wayoyi. Na ga hannuwa sun fi ashirin a sama, kowa yana neman sabis.

Hannuna yana cikin jaka, yatsana a kan makunnin. Akwatin ya yi zafi. Na san da na danna za a samu direban. Na kuma san wayar Malam Haruna za ta farfaɗo ya gane ba a tura masa ko sisi ba. Na dubi Sabo. Ya matso kusa da ni kamar mai kallon haɗarin, ya yi ƙasa da murya.

"Ka taɓa shi, mu biyu za a ƙone a kasuwar nan."

Na janye yatsana. Na tsaya ina kallon Iliya yana kiran sunan Allah. Wani ya ruga da ƙafa neman mota, aka jira, shiru. Da ƙanin Iliya ya ga numfashinsa yana sauyawa, sai ya ce ba zai zuba ido ɗan'uwansa ya mutu a ƙasa ba. Suka ɗaga shi, suka zaunar da shi a kan babur tsakanin mutum biyu. Ihun da ya yi a lokacin har yau yana cikin kunnena.

Ashe wani mai sayar da katin waya ya lura da wani abu. Da ya ruga bakin kasuwa sabis ya dawo masa, da ya komo kusa da babur ɗina ya sake ɗaukewa. Ya zo ya tsaya a gabana, ya ce, "Malam, mene ne ke huci a jakarka?" Kafin in ba da amsa an fizge jakar. Mai katin ya tsinke wayar da ta haɗa akwatin da batirinsa. Cikin ɗan lokaci wayoyin kasuwar suka fara ƙara a ko'ina. Malam Haruna ya duba tasa, ya ɗago ya dube ni. Na waiga neman Sabo, ba shi ba alamarsa.

Ba don 'yan banga sun kewaye ni sun miƙa ni ga 'yan sanda ba, da ban fita daga kasuwar nan da rai ba.

A kotu na ɗauka damfara kaɗai za a tuhume ni da ita. Sai aka ajiye akwatin a gaban alƙali, wani jami'in hukumar sadarwa ya yi bayani. Ya ce mallakar irin wannan na'ura da kunna ta ba tare da izinin hukuma ba laifi ne mai zaman kansa, ko da ban cuci kowa da ita ba, domin tana toshe kiran asibiti da na jami'an tsaro. Aka ƙwace akwatin da babur ɗina, aka ci ni tara, aka ɗaure ni shekara huɗu. Mahaifina ya rasu ina ciki.

Da na fito, na tambayi inda Iliya yake, aka ce yana ƙauyen Ba'awa. Na tarar da shi a zaure kan tabarma, ƙafafunsa sun shanye, matarsa ce ke surfe tana ciyar da gidan. Na gaya masa ko ni wane ne, na gaya masa akwatin yana hannuna a kunne tun daga faɗuwarsa har aka ɗora shi a babur. Sai ya ce faɗuwar daga Allah ce, ya karɓa.

"Amma jiran da na yi a ƙasa, wannan naka ne. Ka ba ni lokaci."

Duk ran Juma'a ina zuwa in kai abin da ya sawwaƙa. Yana amsa gaisuwata. Bai ce ya yafe ba tukuna, ni kuma ban sake tambaya ba.

Samari, musamman masu gyaran waya irina, idan wani ya kawo muku na'urar da ke kashe sabis, kada ku gyara, kada ku ajiye, kada ku kunna ko da gwaji ne. Ku sanar da hukuma. Ba ku san wanda zai buƙaci kira ɗaya tak a wannan lokacin ba. Ni na san nawa, kuma duk mako sai na durƙusa na gaishe shi.