Sarkin Molosiya na Ka'akiyya

Duk wanda ya zauna a layinmu na unguwar Ka'akiyya a Makka ya san Kaka Sule ba ya bin gindin bango. Tsakiyar titi yake bi, lema a buɗe, wuya a ɗage, yana leƙen saman gidaje kamar mai neman jinjirin wata. Motoci su jeru a bayansa suna ta ham har kusan Harami, shi ko waiwaye. Baƙi sukan zaci rana yake gudu. Ku da kuka san shi kun san tsofaffin mata yake gudu.

Dalilinsa ɗaya ne, kuma ya faɗa mana shi har bangon falo ya haddace. Wai akwai wani sarkin Girkawa, Biros, wanda ya kwashi giwaye ya je ya girgiza Rumawa a ƙasarsu. Takobi bai kashe shi ba, mashi bai kashe shi ba. Wata tsohuwa ce a saman gida ta hango shi yana faɗa da ɗanta a lungu, ta ɓamɓaro kaskon rufi ta sakar masa a wuya.

Na ce masa, "Angona, gidajen Makka siminti ne zalla. Ina tsohuwa za ta samo kasko?"

Ya ce, "Amarya, wadda ta yi niyya ba ta rasa tukunya."

Wata safiya Hajiya Kande maƙwabciyarmu tana shanya a saman gidanta, ta leƙo ta gaishe shi da ina kwana. Wallahi tsalle ɗaya ya yi sai ga shi a ƙofar bagala, wato shagon layinmu, tsohon da ke cewa gwiwa ta hana shi ɗauko wa kansa ruwa. Daga can ya ɗaga murya ya ce ta ajiye abin da ke hannunta tukuna, sannan su gaisa. Safar jikanta ce a hannunta.

Ga waɗanda suka zo daga baya, bari in faɗa muku inda ya kwaso wannan jidali. Kaka uban Ummata ne. Yana saurayi shi da abokan tafiyarsa suka baro gida za su zo Hajji ta ƙasa, guzuri ya ƙare musu a Bar Sudan, ya shiga aikin gidan burodin wani Bagirke da ake kira Hawaja Kosta. Mutumin ba mata, ba ɗa, sai tanda da surutu. Daga duwatsun da ake kira Ifiros ya fito, inda a zamanin da can aka yi wata 'yar masarauta, Molosiya, ƙasar Biros ɗin nan, wadda a cewar Kaka awakinta sun fi mutanenta yawa. Suna kwaɓa fulawa yana jero masa sarakunanta, kowa da halinsa da yadda ya mutu. Ranar da Kaka zai hau jirgin ruwa, Hawaja ya riƙe hannunsa ya ce shi dai ba shi da wanda zai bar wa sunayen nan, ya tafi da su, ya ba wani kafin ya mutu. Kaka ya yi alkawari.

To wannan alkawarin ne ya hana gidanmu sakat. Neman magaji yake, mu kuma gudu muke. Umma takan tuna ta bar abu a wuta ko da kicin a kulle yake. Yayana Fahad, wanda Hausarsa ma sai an tura ta kamar mota mai mataccen batir, ya taɓa nuna masa waya ya ce, "Ya Jaddi, halas, ya isa, duk suna cikin nan." Kaka ya karɓi wayar, ya juya ta gaba da baya, ya miƙa masa. "Ita ce ta riƙe hannun Hawaja?" Wani dattijo a masallaci ma ya taɓa yi masa nasiha, wai mutum yana zaune a Makka yana ambaton sarakunan da ba su yi salla ba. Kaka ya ce ai shi ma bai ce a bi su salla ba, amana aka ba shi, kuma ba a koya masa cewa amanar Kirista ana zubar da ita a teku ba.

Ni dai ɓawon burodi ke zaunar da ni. Yana gasa wani irin burodi mai tauri da ya koya a wurin Hawaja, in ka jefi mutum da shi sai an kira motar asibiti, amma ɓawonsa duniya ne. Ina ci, yana zuba, shi kansa bai san ina ji ba.

Sai ranar da na ƙona wa Umma sabuwar abaya da abin guga. Rami ne ya fito wanda kyanwa za ta wuce ta ciki ba ta sunkuya ba. Umma ta ciro silifas, na duba gabas na duba yamma, sai na tuna Sarki Admitos. Wani maƙiyinsa ya taɓa gudowa gidansa neman mafaka, ya ɗauki jaririn sarkin ya zauna da shi a bakin murhu, kuma a al'adar Molosiya wanda ya yi haka ba a taɓa shi. Na suri ƙanina Anas daga shimfiɗa, na faɗa kicin, na zauna daram a gaban murhun gas.

Umma ta iso. Kaka ma ya iso, yana haki. Ya dube ni, ya dubi jaririn, ya dubi murhun, sai ya ware hannuwa ya tare ƙofa.

"Ba mai taɓa ta! Ta kama murhu!"

Umma ta ce, "Baba, abayata fa."

"Ko Admitos bai miƙa baƙonsa ba, ni zan miƙa amaryata saboda tsumma?"

Hawaye na gani a idonsa, na zaci hayaƙin abaya ne. Ashe magaji ya samu. Da na sani da na tsaya an yi mini silifas ɗin an wuce wurin, domin daga ranar ban ƙara shan shayin la'asar cikin kwanciyar hankali ba. Tarifas da aka kai birnin Atina karatu ya dawo wa mutanensa da doka. Wa da ƙane da suka raba sarauta biyu. 'Yarsu Olimbiya da ta haifi Iskandar mai cin ƙasashe. In na ƙara gishiri, na ce giwayen Biros sun kai tsayin hasumiyar agogon Harami, sai ya buga sanda ya ce ƙarya a cikin tarihi kamar tsakuwa ce a cikin ful, dafaffen waken da muke karyawa da shi.

Abin da ya fi so duk a labarin shi ne rantsuwa. Wai sarkin Molosiya da talakawansa sukan taru, shi ya rantse zai yi mulki bisa doka, su kuma su rantse za su tsare masa sarauta bisa doka. Sai ya kawo mana ita gida. Duk shekara in alhazai sun watse, gari ya yi shiru, yakan tara mu a falo, ya hau kujerar roba ya yi alkawarin bin dokar gida, mu kuma mu yi na bin sa. Umma tana yi tana hararar silin.

Bai san tarko ya haƙa wa kansa ba. Da likita ya hana shi sukari, Umma ta ce wannan ya shiga dokar gida. Ba a yi nisa ba na kama shi a bayan tankin ruwa da kofin shayi wanda cokali zai iya tsayawa a ciki don kauri. Umma ta tara jama'a, wato ni da Fahad da Anas mai rarrafe, ta tambaye shi me mutanen Molosiya ke yi wa sarkin da ya karya doka. Ya ce a ƙasa-ƙasa, "Kora." Ya ɗauki lemarsa da jakarsa ya tafi gidan ƙanwarsa a unguwar Zahir, wai gudun hijira, tunda Biros ma ya yi. Washegari da la'asar sai ga shi da ƙatuwar kankana a kafaɗa. Ya ce rundunarsa ce, ya zo karɓar ƙasarsa. Muka miƙa wuya nan take, muka cinye rundunar.

Tankin nan ne dai ya kayar da shi. Ya fara yoyo, Umma ta ce a jira mai gyara, Kaka ya ce shi da ya gyara tandar Hawaja ba zai jira yaro ba. Ya hau tsani, ya ɗaure famfon, yoyo ya tsaya cak, tsani kuma ya zame. A asibiti, ƙugu a karye, ya kalli Umma yana murmushi. "Na dai yi nasara. Irin ta Biros ce, da ya ci Rumawa da yaƙi amma rundunarsa ta kusa ƙarewa. In na ƙara cin irinta, ku nemo likkafani." Duk muka yi dariya har da nas ɗin da ba ta jin Hausa.

Bai sake tashi sosai ba. Da aka dawo da shi gida, wata rana bayan azahar ya sa aka kira ni. Ba burodi, ba wasa. Ya ce, "Nusaiba, daga farko." Bai taɓa kiran sunana ba sai ranar. Na fara jero sarakunan daga Admitos na gangaro, ban ƙara wa giwa ko taƙi ɗaya ba. Idonsa a rufe, leɓensa yana bin nawa. Da na iso kan Didamiya, macen da sarautar ta ƙare a kanta, sai ya buɗe ido.

"Ita a kanta aka rufe. Ke kar a rufe a kanki."

Na ce to. Ya ce to ba rantsuwa ba ce. Na riƙe hannunsa na yi masa alkawari. Ya sauke numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi. Na sauke kayan Hawaja." Sai ya juya yana kallon bango, ya ce in je in taimaki Umma.

Ya Allah, ga bawanKa Sule, wanda ya ɗauki amanar baƙo daga bakin teku har tsufansa bai yar ba. Ka yafe masa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka sa ya tarar da alkawarinKa yadda ya cika nasa. Ni kuma Ka ba ni ikon cika nawa. Amin.