Baba Mai Madubi da Ƙullun Wata Uku

Ƙarfe bakwai na safe Baba Mai Madubi yake buɗe ɗakin gwaji. Ya rataye hularsa a ƙusa, ya zura farar riga, ya goge madubin likita kamar mai share wa jika fuska. Sai ya jera 'yan robobi masu murfi a kan tebur, ya zauna jiran maza. Shekara talatin da ɗaya yana haka, a ɗakin ƙarshe na asibiti, bayan famfo. Aikinsa duba maniyyi, shi ya sa ba mai gaishe shi a kasuwa. Wanda ya taimaka wa ma in ya hango shi sai ya sake hanya. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, to mu yau a fili za mu gaishe shi.

Mai gashin burodin layinmu ya yarda a ba da labarinsa. Ƙato ne, shekara ashirin yana tsaye gaban tanderu cikin matsattsen wando. Shekara shida da aure ba haihuwa. An duba matarsa sau uku, lafiya lau. Ran nan ta ɗaure kayanta ta ajiye a bakin ƙofa ta ce, "Maigida, ko ka je a duba ka, ko ka samo mini mota."

Ya je yana cika yana batsewa. Baba ya miƙa masa roba, ya nuna masa ƙofa.

"Baba, dube ni da kyau. Buhun fulawa biyu nake ɗauka a kafaɗa."

"Ba a kafaɗa ake yin su ba," in ji Baba.

Da aka gama, Baba ya sa shi ya leƙa madubin da idonsa. Ya ga 'yan abubuwa masu wutsiya, kaɗan suna motsi, sauran a kwance kamar leburorin da suka ci suka ƙoshi. Baba ya tambayi sana'arsa, ya gyaɗa kai.

"Malam, ka taɓa tunanin me ya sa Allah ya bar maraina a waje, bai ɓoye su ciki tare da hanta ba? Ba sa son zafi. A cikinsu akwai siraran bututu a nannaɗe, nan ake ƙera ƙwayoyin nan, ba hutu. Kowace sai ta yi wajen kwana saba'in kafin ta kammala kai da wutsiya. Sannan ta shiga wani dogon bututun a bayan maraina, ta yi kamar mako biyu tana koyon iyo. Kai kuma kullum kana gasa su tare da burodi."

Ya tura shi wurin likita. Likita ya duba, ya ce ya bar gaban wuta, ya sa wando mai faɗi, ya dawo bayan wata uku. Ba wanda ya yi masa alkawari.

Kwana bakwai sai ga shi ya dawo. Shi a saninsa ƙullu awa guda yake tashi, in ya yi nawa a ƙara yis.

"Baba, na yi mako ban kusanci tanderu ba. A sake dubawa. Ko akwai abin da za a ƙara ya tashi da wuri?"

"Waɗanda za ka kawo mini yau tsohon gashi ne. Sababbin ko wutsiya ba su yi ba tukuna. Tafi gida."

A wata na biyu haƙurinsa ya ƙare. Ƙanensa da ya bar wa tanderu yana ta ƙona burodi, masu saye suna tsegumi. Ya koma gaban wuta da tsohon wandonsa. Ba mu san wa ya kai labari ba, amma da la'asar muka ga Baba a gidan burodin, mutane cike. Ya sayi guda ɗaya, ya dubi mai burodin sama da ƙasa, ya ce, "Malam, wandon nan ya yi maka kaɗan." Ya fita. Muka yi dariya, ba mu gane komai ba. Shi kuwa ya ajiye tire ya koma kan teburin sayarwa, nesa da wuta.

Duk tsawon lokacin nan kayan matarsa suna bakin ƙofa. In tana son zane sai ta kwance ta ɗauka, ta sake ɗaurewa.

Da wata uku suka cika ya sake leƙa madubin. Ya ce kamar ranar kasuwa, kowa yana sauri. Ran nan aka kwance kaya. Yarinyar da suka samu yanzu tana koyon tsayuwa a jikin buhun fulawa.

Baba, kai ne ka riƙe sirrin maza shekara talatin da ɗaya, ko matarka ba ta ji sunan ɗaya ba. Kai ne ka faɗa wa waɗanda ba su dace ba gaskiya, ba ka sayar musu da ƙarya a kwalba ba. Mata nawa ka wanke daga zargi, ba su ma san kamanninka ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi.

Ku da za ku gaji kujerarsa, ku gaji haƙurinsa da kame bakinsa. Mu kuma maza, in an ce a je a duba, a je tun ba a ɗaure kaya ba. Kuma in kun hango Baba a kasuwa, ku daina sake hanya. Mai burodi dai yanzu daga nesa yake ɗaga masa hannu, wandonsa yana kaɗawa kamar tuta.