Inno Mai Farantin Wofi

Duk ranar kasuwa, kafin rana ta yi zafi, Inno takan fito daga Angwan Iya da faranti a ka, ta zauna a gindin durumin da ke kusa da 'yan gishiri. Wasu ranakun akwai kaya a farantin. Wasu ranakun babu komai, amma haka za ta goge shi, ta ajiye a gabanta, ta zauna tana kallon mutane har la'asar. Baƙi sukan kauce mata. Shekaru da yawa ana raɗe-raɗin cewa a irin waɗannan ranaku waɗanda ba a gani take yi wa ciniki.

Aikinta ya fi haka sauƙin bayani. Mai son fara sana'a yakan kawo mata ɗan kaɗan daga abin da yake niyyar sayarwa, kafin ya zuba abin hannunsa duka. Takan sayar, ba ta ba da kyauta, ba ta faɗin mai shi. Idan an fara sabawa, sai ta zo da faranti wofi. Wanda ya ce "Kai, abin nan da kyau" ba ta sa shi a lissafi. Wanda ya zo ya tarar babu, ransa ya ɓaci, ya yi mata masifa, shi take jira. Shi ya sa 'yan kasuwar Keffi ba sa tambayarta ko an yaba. Tambayarsu ita ce: "Inno, an yi faɗa?"

Akanbi mai kanti ya ce ta hana shi sayo lodin kifin gwangwani a shekarun nan na kuɗin man fetur, don ba wanda ya yi faɗa. Bai gode mata ba sai daga baya.

Amma abin da aka fi tunawa shi ne na Ebere, mai yin sabulu a unguwar Yara. Ta bar gari da yaƙin basasa ya taso, aka kuma kawo labarin mutuwarta. Har an yi wa maƙwabtanta gaisuwa. Bayan yaƙi sai ga ta, ta rame, ta yi fari fat. Mata sukan amsa gaisuwarta daga nesa, suna duban ƙasa ko tana da inuwa. Babbar tukunyar dafa sabulu kaɗai ta rage mata, wadda Inno ta ɓoye. Zaɓi biyu ne a gaban Ebere: ko ta sayar da ita ta koma Gabas inda ba ta da kowa, ko ta sake hura wuta a garin da ke tsoron taɓa hannunta.

Ebere ta dafa ɗan sabulu kaɗan a ƙaramar tukunyar aro, Inno ta karɓa ta sayar kamar yadda ta saba. Ranar wofi ta zaunar da Ebere a bayan durumi, ta lulluɓe ta da zane. Hantsi ya wuce, azahar ta wuce, ba wanda ya tsaya. Waɗanda suka gani sun ce Inno ko motsi ba ta yi ba. Inuwa ta fara miƙewa sai Magdalena, wadda ke wa ma'aikata wanki a Tudun Ƙofa, ta iso da kwando a hannu.

"Inno, ina sabulun? Kin sa na jiƙa kayan mutane!"

"Babu."

"Babu kamar yaya? Ki daina mini wannan zaman naki. Na san hannun da ya yi shi, tun ranar farko na gane ƙamshin."

"An ce mai hannun ta rasu."

"To, Allah ya ji ƙanta. Ko a kabari take, ki gaya mata na ce ta ƙara, kuma ta rage soda, yana cin hannu."

Daga bayan durumi wata murya ta ce, "Sodan daidai yake, ke ce ba kya ɗauraya." Magdalena ta yar da kwando ta ruga har 'yan gishiri. Can ta tsaya, ta dawo a hankali, ta kama hannun Ebere ta matsa. Washegari an hura wuta a ƙarƙashin tukunyar.

Inno, ke ce kika zauna ana yi miki kallon mai aljanu, ba ki taɓa wanke kanki ba, don kin san idan aka gane dabarar ta lalace. Ke ce mai jin gaskiya a cikin masifa. Mun gode. Duk mai shirin sana'a ya yi koyi da ke: ya fara da kaɗan, ya ɗauke, ya ga wa zai nema.

Bana idonta ya yi rauni, 'ya'yanta sun ce ta huta. Kasuwar da ta wuce ba kowa a gindin durumi, sai shatin faranti a ƙasa. Ina wurin lokacin da Ebere ta rufe shagonta ta zo ta tsaya a kansa, tana faɗa da ƙarfi: wa ya ba tsohuwar nan izinin zama a gida?

An kai wa Inno labari. Ta tambaya, "Da gaske ta yi faɗa?" Aka ce sosai. Ta ce a miƙo mata farantin.